Mutum-mutumin da ke rikiɗa ya koma tanka, da 'ya'yanmu na Bauchi

Washegarin ƙaramar Sallah ɗan yayata, yaro ɗan shekara tara, ya tattara goron Sallarsa kaf, ya bi wansa zuwa kasuwar Wunti. Da la'asar ya dawo da wani mutum-mutumi na roba, koren soja, tsayinsa bai wuce taƙi ɗaya ba. In ka lanƙwasa ƙafafunsa baya, ka cusa kansa cikin ƙirji, ka haɗe hannuwan ta sama, sai ga tankar yaƙi a tafin hannunka, da bakin igwarta da ƙafafun sarƙarta. Abin bai kwana a hannunsa ba. Uwarsa na gani ta karɓe, ta jefa saman durowa, ta ce a gidanta ba za a yi wasa da tanka ba.

Yayata a Potiskum ta yi aure, kuma shekarun tashin hankalin nan duk a can ta yi su, sai a 2014 suka tattaro suka dawo Bauchi. Da yaron ya zo mini da hawaye yana cewa, "Kawu, ka roƙar mini Umma," na je na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ban gama buɗe baki ba ta ce, "Malam, kai a hoto ka san tanka. Ni a bakin layinmu na santa, ina kwance a ƙasa da yara huɗu, ina toshe wa ƙaramin baki." Na ce, "Haka ne, Yaya." Babu abin da zan ƙara a kan wannan, kuma har yau ban ƙara ba. Sai na roƙi ta ba ni abin in tafi da shi gidana, ta miƙo mini ko kallonsa ba ta yi ba.

Na koyar da zanen injiniya a makarantar sakandare shekaru masu dama, don haka abin wasa irin wannan ba ya shiga hannuna ya fita haka nan. Dare uku na yi ina buɗe shi ina rufewa, kuma a cikin dararen nan ne ra'ayin da zan faɗa ya zauna mini. A duk Sallah akan ji iyaye da malamai suna kiran a hana sayar da kayan wasan yaƙi, a yi musu kuɗin goro. Ina tare da su a kan bindigar roba, ɗari bisa ɗari. A kan wannan mutum-mutumin kuwa na saba da su, ko da yake na san tuhumar da ake yi masa tana da tushe, kuma tushen ya ma fi zurfin yadda masu tuhumar suka sani.

A Japan aka haifi abin. Wani kamfanin kayan wasa mai suna Takara ya fito da wasu 'yan motoci da jirage masu rikiɗa su koma mutum-mutumi a farkon shekarun 1980, ƙarƙashin sunan Diaclone da Micro Change. Mutanen kamfanin Hasbro na Amurka suka gan su a baje kolin kayan wasa na Tokiyo a 1983, suka sayi izinin sayar da su, suka haɗe su wuri ɗaya, suka raɗa musu suna Transformers, suka shigar da su kasuwa a 1984. Abin da Hasbro ya ƙara shi ne labari. Ya ɗauki marubutan kamfanin Marvel, mai buga labaran jarumai cikin zane, suka ba kowane suna da hali da ɓangare, aka raba su gida biyu masu gaba da juna, aka ce yaƙi suke tun miliyoyin shekaru. A wannan shekarar ce kuma, zamanin Shugaba Ronald Reagan, hukumar kula da kafafen sadarwa ta Amurka ta sassauta ƙa'idojin talla a talabijin, sai hanya ta buɗe wa shirin yara na rabin awa wanda daga farkonsa har ƙarshensa tallar kaya ce. An fara ƙera abin sayarwa, daga baya aka ƙirƙiro yaƙin da zai sayar da shi.

Dubi yadda dabarar take aiki. A 1986 suka fito da wasu guda biyar da ake kira Combaticons, dukansu kayan soja: Brawl tanka ne, Vortex jirgi mai saukar ungulu, Swindle jif ta soja, Onslaught babbar motar harba makamai, Blast Off kumbo. Kowane ana sayar da shi daban. Amma in ka tara biyar ɗin sai su haɗu su zama ƙato guda mai suna Bruticus. Yaron da ya samu huɗu ba zai bar ubansa ya runtsa ba, don ƙatonsa ba shi da ƙafa ɗaya. A shekarar dai aka yi fim ɗin katun na silima, aka kashe tsofaffin jaruman da yara suka saba da su, har da shugabansu Optimus Prime, don a share wa sabbin kaya wuri a kanti. Yara suka yi ta kuka a gidajen kallo, iyaye suka yi ta aika wasiƙun ƙorafi, sai da aka dawo da shi a shirin talabijin a 1987. Wanda zai iya kashe wa yaro gwarzonsa saboda ciniki, ba zan ɗauke shi amintaccen mai tarbiyya ba.

Alaƙar abin da soja kuwa ba ɓoyayya ba ce. Tun 1984 Starscream, ɗaya daga cikin miyagun labarin, jirgin yaƙi ne samfurin F-15. Da aka zo fim ɗin 2007 na Michael Bay sai ya koma F-22, kuma ma'aikatar tsaron Amurka ce ta ba da aron jirage da sansanoni da sojoji na gaske aka ɗauki fim ɗin. Farkonsa ma a wani sansanin sojan Amurka ne a Ƙatar. Rundunar da ke ba da aron jirgin biliyoyin kuɗi ga mai shirya fim ta san abin da take saye: tana son matashi ya ga kayan yaƙi suna ƙyalli ya ji sha'awa. Yayata ba ta san ko ɗaya daga cikin wannan tarihi ba, amma hancinta ya shaƙo shi daidai.

Yaran Amurka da Japan na 1984 yanzu sun doshi hamsin ko sun haura, kuma su ne manyan masu saye a yau. Tun 2003 kamfanin Takara, wanda yanzu ya koma Takara Tomy, ke fitar da wani layi mai suna Masterpiece domin manya masu tarawa, ana jera su a kabad ɗin gilashi, wasu ma ba a taɓa fasa kwalinsu ba don kada darajarsu ta faɗi. A 2019 Hasbro ya ce zai ƙera wani ƙato mai suna Unicron a kan dala 575, in har mutum 8,000 za su biya tun kafin a ƙera, kuma aka samu. Ban ga laifin mutum ya tara abin da yake so da guminsa ba, mu ma muna da masu tara tattabaru da masu kashe dukiya a kan kayan doki. Sai dai abin wasan da aka kulle a kwali ba ya koya wa kowa komai. Irin wanda ke isowa Wunti da babbar kasuwa daban ne: ko dai kwaikwayo ne mai arha daga masana'antun China, irin na yankin Shantou, ko kuma na gwanjo da ya sha hannun wani yaro a Turai, ya zo da hannu ɗaya babu. Robarsa ba ta da ƙwari, takardar bayani ba ta biyo shi, sunansa ma yaron bai sani ba. Kuma abin mamaki, wannan rashin ya zama alheri, domin yaro da kansa zai gano yadda ake juya shi.

To me ya sa duk da abin da na lissafa ban yarda a haɗa shi da bindigar roba ba?

Ka ba yaro bindigar roba ka tsaya ka gani. Aiki ɗaya ta sani. A ɗaga ta, a saita mutum, a ja kunama. Babu mataki na biyu. Duk wanda ya bi ta unguwanninmu a kwanakin Sallah ya ga dandazon yara sun rabu gida biyu, wasu sun ɗaure fuska da ƙyalle, suna tare lungu suna cewa a ɗaga hannu. Irin mai harsashin 'yan ƙwallayen roba kuwa har rauni take yi. Na ga yarinyar maƙwabta da aka samu a gefen ido, ta yi mako tana yawo da bandeji, Allah ne ya tsare ƙwayar. A Afganistan a watan Yulin 2015, bayan fiye da mutum 100, akasarinsu yara, sun ji ciwo a ido a kwanakin ƙaramar Sallah, ma'aikatar cikin gida ta haramta sayar da bindigogin wasa. Ƙasar Musulmi ce da ta sha yaƙi, kuma daga bikin Sallah matsalar ta taso, kamar dai tamu. Akwai kuma hatsarin da ya fi rauni. A watan Nuwamban 2014 ɗan sanda ya harbe yaro ɗan shekara 12 mai suna Tamir Rice a birnin Cleveland na Amurka, yana riƙe da bindigar wasa mai kama da ta gaske. Mu da muke da shingen jami'an tsaro a kowace mashigar gari, da sojan da ya kwana a tsaye ransa a ɓace, wa zai ba mu tabbacin haka ba za ta faru a nan ba, da magariba, a hannun yaro mai ɗan tsayi?

Su kansu masu Transformers sun ci karo da wannan. Megatron, shugaban miyagun, asalinsa ƙaramar bindiga yake komawa, samfurin Walther P38 ta Jamus, mai kama da ta gaske ƙwarai. Da dokokin Amurka suka tsananta a kan bindigar wasa a ƙarshen shekarun 1980, sai a farkon shekarun 1990 aka mai da shi tanka. Hatta a ƙasar da ta fi kowace son bindiga an gane cewa abin da za a iya ɗauka a matsayin makami na gaske hukuncinsa daban. Babu jami'in da zai ga tanka mai tsawon taƙi ɗaya ya ɗana kunama.

Kuma mu a Bauchi ba mu da hujjar ɗaukar wannan da wasa. A nan garin, a Dutsen Tanshi, aka fara artabun Boko Haram ranar 26 ga Yulin 2009 wanda ya bazu zuwa Yobe da Borno. A nan aka fasa gidan yari a Satumban 2010, fursunoni fiye da 700 suka tsere. Mun san sara-suka, maƙwabtanmu na Gombe sun san Kalare. Ba na cewa bindigar roba ce ta haifi ko ɗaya daga cikinsu, talauci da zaman banza da 'yan siyasa masu raba ƙwaya sun ishe su iyaye. Amma garin da ya ga waɗannan bai kamata ya zuba ido kowace Sallah ana koya wa 'yan shekara bakwai yadda ake tare hanya ba. A tsayar da ita tun daga dila: Kwastam a bakin shigowa, hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, da shugabannin 'yan kasuwa waɗanda sun san shagon da ke sauke katan-katan ɗinta sati biyu kafin Sallah. Kamun ɗan tallan da ke yawo da guda goma a faranti zalunci ne kawai, jarinsa ne za a karya, gobe wani ya maye gurbinsa.

Yanzu ga abin da na gani a dararen nan uku. Na ƙirga gaɓoɓin da ke motsi a jikin mutum-mutumin, na samu goma sha bakwai, kuma ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai buɗewa gefe ɗaya kamar hinjin ƙofa. Akwai mai dunƙulallen kai da ke juyawa ko'ina kamar kafaɗar mutum. Akwai mai zamewa cikin kwarmi kamar aljihun tebur. Akwai 'yan haƙora da ke shiga rami su yi ƙas, su riƙe gefe biyu. Kafin ya koma tanka sai an bi matakai a jere, in ka rufe ƙirji kafin ka shigar da kai, dole ka warware ka koma baya. Wanda ya zana shi ya zauna da matsala mai wuya: kowane yanki sai ya yi aiki biyu, cinyar mutum ita ce rufin sarƙar tanka, bayansa shi ne cikinta, kuma babu abin da za a cire a ajiye gefe. Wannan shi ne ainihin abin da nake fama in cusa wa 'yan aji huɗu da alli da allo, wato ka ga abu a tsaye, ka juya shi a cikin kanka, ka san yadda zai kasance ta sama da ta gefe. Da yawansu har su gama makaranta abin bai zauna ba, saboda hannunsu bai taɓa yi ba. Ɗan yayata kuwa a 'yan awowin da abin ya yi a hannunsa ya riga ya haddace matakan, ya nuna mini kuskurena a mataki na shida.

Na lura da wani abu kuma. Yaron da ke riƙe da irin wannan, yawancin lokacinsa a zaune yake, kansa a sunkuye, harshe a waje, yana kokawa da gaɓa. Harbe-harben da baki yakan zo, ban musa ba, amma minti biyu ne, sai ya koma juyawa, don a nan daɗin yake.

Wani zai ce wasan yaƙi baƙon abu ne da Turawa suka kawo mana. Wannan ba gaskiya ba ne, kuma gara mu faɗa wa kanmu. Mun hau dokin kara da takobin kara. Mun yi kwari da baka, mun yi danƙo. Hawan Sallar da muke ɗora yara a kafaɗa su kalla, me ke cikinsa? Sulke ne da lifidi da masu da 'yan bindiga suna ta ɓarin albarushi har ƙasa na girgiza. Yaro namiji zai yi wasan faɗa ko da tsinke ne. Akwai kuma masu ƙyamar abin ta fuskar addini, saboda siffa ce. Fatawa ta malamai ce, amma kowa ya san hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana da 'yan tsana, a cikinsu har da doki mai fukafukai biyu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye ta, ta ba shi amsa da dawakin Annabi Sulaiman, ya yi dariya. A kan wannan ne malamai da dama suka sassauta a kayan wasan yara.

Abin da ya fi damuna ya wuce tanka da bindiga, kuma shi ne ba na jin ana magana a kansa. Mu da muka taso a shekarun 1980, ba a saya mana mota. Mu muke yi. Karan dawa muke ferewa, mu soka ɓargon da tsinken bayansa, mu tayar da gingimari har da bodi. Mu bi bola mu tsinto gwangwanin madara da na kifi, mu buɗe su da wuƙa, mu daddale da dutse. Taya daga tsohon silifa muke yankowa, gatari daga sifok ɗin keke, sitiyari doguwar waya ce da ta taso har ƙugu, kana tafe kana murzawa tayoyin gaba suna karkata. Masu gwaninta a cikinmu suna yin ta langa-langa, su sa mata sifirin har tana lilo in ta hau dutse, su ɗaura tsohon batir da ƙwan tocila ta yi fitila. Babu wanda ya ce mana wannan ilimi ne. Duka ma muke sha a kan yanke silifa mai rai. Amma duk bakaniken kirki da mai walda da na sani a tsarana, daga nan ya fara.

Yau ka zaga unguwa ka nemo mini yaro ɗaya mai jan motar gwangwani. A ƙauye za ka samu jifa-jifa, a cikin gari da ƙyar. Roba mai arha ta kashe ta, waya ta binne ta. A makarantun firamare da yawa darasin aikin hannu ya koma a kawo tsintsiyar kasuwa ko sabulu ko kuɗi a karɓi maki. Yaro ya tashi ya san komai a kwali yake zuwa, in ya lalace a yar a sayi wani. A irin wannan fari, abin wasan da ke tilasta wa yaro ya tambayi yadda aka haɗa shi ba abin da zan yi saurin jefarwa ba ne, ko da kuwa koren soja ne.

Bauchi ce ma ya kamata ta fi kowa jin wannan a jika. A nan aka kafa kamfanin Steyr a shekarun 1970, ana harhaɗa taraktoci da manyan motoci, iyayen abokaina da dama a can suka yi aiki, suka gina gidaje, suka kai mu makaranta da labarin injin. Kowa ya san yadda wurin ya koma. A nan kuma makarantar koyon tankokin yaƙi ta sojan ƙasa take, yaranmu suna ganin tanka ta gaske a kan tirela tana ratsa gari. Daga ina take? Vickers daga Ingila, T-72 ƙirar tsohuwar Tarayyar Sobiyet, VT-4 da aka sauke a 2020 daga China. Ta hannun yaro daga China, ta hannun soja daga China. Dukanmu masu saye ne, babba da yaro. An ɗan motsa, a Disamban 2019 an ƙaddamar da motar sulke mai suna Ezugwu da aka haɗa a Kaduna, inda masana'antar kayan tsaro ta ƙasa take tun 1964. Amma ƙasar da 'ya'yanta ba sa kwance abu su ɗaura, a ina za ta samo masu ci gaba da irin wannan, balle masu ƙera mata tarakta da injin ban ruwa, waɗanda mun fi buƙata nesa ba kusa ba? Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, tun yana yaro yake zanen motoci. Irinsa nawa ne ke zaune yanzu a Yelwa da Fadaman Mada da Kofar Ran, ba a taɓa miƙa musu sukundireba ba?

Muna da Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, jami'ar fasaha ce. Muna da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ta jiha. Me zai hana a kowane dogon hutu ɗalibansu na injiniya su shiga makarantun firamare da kwali da gwangwani da waya da filaya, a sa gasa: wa zai ƙera abin da ke naɗewa ya koma wani abu? Kuɗin da za a kashe bai kai na kujerun taron siyasa guda ba. In an sa yaro ya zaɓa da kansa, wani zai yi tanka, wani zai yi Keke Napep, wani motar ɗaukar marasa lafiya, wani raƙumi mai komawa jirgi. Ni ba zan hana mai tankar ba. Zan dai tambaye shi nauyinta, da man da take sha, da gadar da za ta iya ɗaukarta, da abin da ke faruwa da gonar da ta bi ta ciki da damina. Tambaya ta ƙarshen ita ce fim ɗin Amurka ba ya yi, kuma ita ce aikin babba da ke zaune kusa da yaro.

A nan ne nake komawa wurin yayata, don ba na son a karanta wannan a ɗauka na kayar da ita. Na koyar da yaran da suka zo daga Borno da Yobe a shekarun gudun hijira. In ka ce su zana abin da suke so, Hilux suke zanawa da bindiga a bayanta, da 'yan mutane a kwance. Akwai wanda ƙarar faɗuwar murfin tebur ke sa shi shigewa ƙarƙashin benci. Gidan da ke da irin wannan yaro, ko irin wannan uwa, ba ya buƙatar wani malamin zane ya zo yana yi masa bayanin gaɓoɓi goma sha bakwai. Wanda ya ji a jikinsa shi ke da iko da ƙofarsa. Abin da na ƙi shi ne a ɗauki hukuncin gida ɗaya a mai da shi dokar kasuwa, a kwashe mai amfani da marar amfani a zuba a rami guda a cinna wuta a gaban 'yan jarida, bayan wata uku bindigogin su dawo ta bayan fage, mutum-mutumin kuma ya tafi ke nan. Bindigar roba aikin hukuma ce. Wannan kuwa a bar wa iyaye, su duba ɗansu, su duba gidansu.

Abin yana gidana har yanzu, Yaya ba ta canza magana ba, ni ma ban sake tayar da ita ba. Ta dai yarda yaron ya riƙa zuwa wurina ranar Asabar. A zuwa na uku ƙusar gwiwar hagu ta karye, kamar yadda na zata, don robar ba ta da kauri a wurin. Ya ɗago ya dube ni yana jiran in ce za a sayi wani. Na miƙa masa sukundireba. Muka kwance cinyar, muka huda ta da allurar da muka gasa a wuta, muka yanko guntun sifok muka zura, ya lanƙwasa bakin da filaya da hannunsa. Gwiwar ta fi ta dama ƙarfi yanzu.

Sati biyu da suka wuce ya zo da kwalin taliya da gwangwanayen madara uku da murafun lemo, ya ce zai yi nasa, mai komawa tifa irin ta masu yashi, wadda bayanta ke ɗagawa. Ƙafafun sun yi, suna naɗewa su zama bodi, mun yi gaɓar da waya. Hannuwan ma ya samo musu wuri a ƙarƙashi. Kan ne ya gagara. Duk inda ya tura shi sai ya tokare wani abu, ya yanka kwali ya kai sau biyar. Na san hanya ɗaya da za ta yi, amma ban faɗa masa ba, shi ma bai tambaya ba. Ya tafi da guntayen a leda, ya ce zai gwada a gida, tunda tifa ce Umma ba za ta hana ba.